Tabaraun Inna da Muryar Ɗan Fari

Inna ta rasu da hantsin wata Talata, a ɗakinta a Dayi, lokacin da masara ta bushe a gona ana shirin karya ta. Kafin in iso daga wurin aiki an riga an kai ta makwancinta. Na tarar da tsakar gida cike da mata, an kifa turame a gindin bango, an rufe injin niƙa da tsohon buhu.

Na zauna cikinsu ina karɓar gaisuwa, ina kuma sauraro. A gidan rediyo nake aiki, kuma kunnen da ya saba da aiki ba ya hutawa ko a gidan makoki.

Wata tsohuwa, ƙawar Inna tun suna 'yanmata, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Mai kunya ta tafi. Har ta koma ga Mahaliccinta, bakinta bai taɓa kama sunan ɗan farinta ba."

"Allah sarki," in ji matan. "Irin na da ke nan. Yanzu ina za a same su?"

Wata jikar Inna da ke karatu a Funtua ta sunkuya wajen uwarta ta ce a hankali, "Wai wannan ma abin yabo ne?" Uwar ta mintsine ta a cinya.

Matan unguwa kuwa zancen gari suka riƙa yi. Ɗaya ta ce tun da Inna ta bar injin nan ba ta sake tuƙa tuwo mai laushi ba. Surukar gidan, matar yayana na tsakiya, wadda ita ta gaji injin, tana zaune tana ji. Ta ce, "Na gode, Allah Ya bar zumunci." Aka yi 'yar dariya, aka tuna inda ake, aka yi shiru.

Abin da ya faru a ƙofar gida sai daga baya aka ba ni labarinsa. Wani baƙo daga Bakori ya sauka a babur, ya tarar da wani dattijo mai furfura zaune a ƙarshen tabarma shi kaɗai. Ya ba shi hannu ya ce, "Malam, ina 'ya'yan marigayiyar, in yi musu gaisuwa?" Dattijon ya nuna masa yayyena biyu da mutane suka kewaye, ya ce, "Ga su can."

Wannan dattijon shi ne Yaya, ɗan farin Inna.

Ni ce autarta. Abin da aka faɗa a kanta ranar nan gaskiya ne, amma bai cika ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, tun kafin sauran ya bi ta.

A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta hira da shi. Da aka yaye Yaya, Kaka, uwar Baba, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Inna ta riƙe wannan ɗabi'a da ƙarfin da ya wuce na sa'o'inta. Wasu matan idan shekaru suka ja sai su sassauta. Ita ba ta sassauta ba. Idan dole ta ambace shi sai ta ce "mutumin gidan can", ko "wancan na wajen Kaka", duk da Kaka ta daɗe a ƙasa.

Kullum da safe, a hanyarsa ta zuwa gona, Yaya yakan jingine babur a ƙofar gida ya shigo gaishe ta. Yana da wurinsa: gefen ƙofar ɗaki, kusa da randa. Nan yake tsugunnawa, kansa a ƙasa. Inna tana bakin gado, ta juya fuska wajen bangon da ta jera kwanoni. Ya ce ina kwana, ta amsa wa bango. Ya ce ina gajiya, ta amsa wa bango. Ya tambayi jiki, ya faɗi abin da ke akwai a taƙaice, ta ce, "Madalla. A gaida mutanen gida." Ya tashi. Tun ina rarrafe haka na gani, har na yi aure, har na yi furfurar farko.

Bayan rasuwar Baba ta kafa injin niƙa a rumfar tsakar gida. Gidanmu a bakin titi yake, manyan motoci suna wucewa har kwanoni su yi rawa, ga kuma inji daga hantsi zuwa la'asar. A cikin wannan ƙara ta ciyar da mu. Ba ta son a taya ta. Idan mace ta fara ba ta labari tana niƙa sai ta ɗaga mata hannu ta ce, "Ajiye shi, ba ya lalacewa." Tana kashe inji kuwa sai ta juyo ta ce, "To, kawo." Kuma ba ta manta wadda ta ajiye labari ba, ko mata nawa ne.

Akwai ƙwaryar da take zubawa a inji sau biyu. Ta gidan Yaya ce. Ta niƙa, ta tara, ta sake mayarwa, ta murza garin tsakanin yatsu kafin ta rufe. Wata rana wata maƙwabciya ta ce, "Hajiya, mu ma kuɗinmu ai ba na jabu ba ne." Inna ta ce, "Masarar gidan can tauri gare ta." Kowa ya san daga gona ɗaya muke ci, mu da gidan can.

Injin ne ya ci kunnenta, a hankali, ba tare da ciwo ba. Da farko sai an maimaita mata. Daga baya sai an matso. Can kuma sai ta zauna cikin taro tana bin bakunan mutane da ido, idan an yi dariya ta yi murmushi a makare. In an ce, "Inna, kin ji?" sai ta ce, "Ku yi ta yi, ina gani." Ta miƙa wa surukarta injin, ta koma ɗaki. Matan da suka saba ajiye mata labari suka rage zuwa, don labarin da sai an ɗaga murya ba kowane ake bayarwa ba.

Mu sauran 'ya'yan muna iya zama gabanta, mu kama hannunta, mu buɗe baki sosai ta karanta. Yaya ba shi da wannan damar. Yana gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa, ita kuma tana kallon bango. Sai ta riƙa amsa masa da ƙiyasi. Ta san jerin gaisuwar, ta san tsawon kowace, tana ganin inuwarsa a ƙasa ta wutsiyar ido. Shekaru aka yi a haka, ba wanda ya lura, har safiyar da rumbunsa ya ƙone.

Wuta ce ta tashi daga juji ta kama rumbun, masarar shekara guda ta tafi. Da safe ya zo ya tsugunna, rigarsa tana warin hayaƙi. Bayan gaisuwa ya ce, "Jiya an yi mana gobara. Rumbu ya tafi duka."

Inna ta ce, "Madalla. A gaida mutanen gida."

Surukarta tana shara a tsakar gida, ta ji. Yaya ya tashi ya fita. Sai da rana ta take aka zauna gabanta aka fahimtar da ita. Ranar ba ta ci abinci ba. Ta sa aka kwashe buhunan da ke ɗakinta aka kai gidan can da sunan yayana na tsakiya. Daga ranar kuma ta daina amsawa da ƙiyasi. Yaya ya yi gaisuwa, ta ce "Uhm." Shi ma ya daina kawo labari. Gaisuwar ta koma tsugunno da tashi.

Na sayo mata abin ji irin wanda ake maƙalawa a kunne. Kwana kaɗan ta yi da shi ta jefa shi cikin kwano. Ta ce, "Auta, wannan ba ji ba ne. Kasuwa aka juye mini a ka." Na gane abin da take nufi. A wurin aikinmu mun san ƙara ƙarfin sauti daban, fitar da magana daban. Abin ya ɗaga mata komai tare: kukan kaji, babura, janareton maƙwabta, ludayi a bakin tukunya. Muryar mutum tana nan cikinsu, amma a nitse.

Wata likitar kunne a Zariya ce ta nuna mana tabarau. A ido tabarau ne kamar kowane, har an sa masa gilashin da ya dace da idon Inna. Amma a jikin hannuwansa biyu an jera ƙananan makirfo, ramuka kamar na allura, daga goshi zuwa kunne. Maganar da ta fito daga gaba tana isa ramin farko kafin ta isa na ƙarshe, da ɗan bambancin da mutum ba zai iya ji ba, amma na'urar tana ji. Da wannan take gane abin da ya zo daga gaba ta riƙe shi, abin da ya zo daga gefe ko baya ta danne shi. Sai ta aika da abin da ta riƙe zuwa wasu 'yan ƙwayoyi biyu da ake sawa cikin kunne, ba tare da waya ba.

Likitar ta ce, "Hajiya, duk wanda kika fuskanta shi za ki ji."

Inna ta fuskance ta, ta ji, ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu. 'Yar nan, ashe murya gare ki mai daɗi."

Ranar sunan wata tattaɓa-kunnenta ne muka ga aikinsa. Gida ya cika, ana daka, ana guɗa, an kunna waƙa a lasifika. Inna tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana juya kai a hankali kamar mai haska tocila, tana tsinto mutane ɗaya-ɗaya. Can ta tsaya a kan wasu mata biyu da ke bakin murhu ta ce, "Ke, na ji ki. Wace miyar ce gishiri ya yi wa yawa?" Matar ta saki ludayi. Wani jikanta mai tuƙa keke a Funtua ya zo ya durƙusa gabanta ya ce, "Amaryata, wannan tabarau na zawarci ne? Wa kike nema bayan ni?" Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri. Mijin da gemunsa ya ƙi fitowa, kunya yake ji ko tsoro?" Rabon da in ji dariyarta ta zo daidai lokacinta har na manta.

Washegari da safe Yaya ya zo. Ya tsugunna kusa da randa. Inna ta juya wajen kwanoni, tabarau a idonta. Ya ce ina kwana.

Ba ta motsa ba.

Na'urar ta yi aikinta daidai. Ba ta san ɗan fari ba, gaba da gefe kawai ta sani. Muryar Yaya daga gefe ta fito, sai ta haɗa ta da kukan kaji da ƙarar motoci ta danne. Inna ta dawo tana jin kowa a garin, mai tallan goro, ladan, yaran maƙwabta, ban da mutum ɗaya.

Da ya fita na zauna gabanta na ce, "Inna, juyowa kawai za ki yi. Ba sai kin yi magana ba."

"In juyo in yi me?"

"Ki ji shi."

"In zuba masa ido kamar wata marar tarbiyya? Rediyon nan ya cinye miki kunya, Auta. Ku da kuke magana duniya tana ji."

"Ɗanki ne fa."

"Na ce miki ba ɗana ba ne?"

Ta cire tabaraun ta ajiye, wato an rufe zance.

Na bi Yaya har gona. Yana zuba taki, bai tsaya ba. Na ce ya riƙa tsugunnawa ta wajen kwanonin, inda take kallo. Ya miƙe ya dube ni ya ce, "In shiga har ƙuryar ɗakinta in tare mata gaba? Sai ta juya wajen ƙofa. Ki bar ta, Auta. Tana ganin inuwata, ta san na zo." Na ce inuwa ba magana ba ce. Ya ce, "Ke kika san magana. Miƙo min wancan buhun."

Na koma bakin aiki raina a ɓace da su duka biyun. Aka ci gaba a haka, shuka ta wuce, aka yi noman fari, aka yi maimai.

Cikin marka ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Na ɗauki hutu na zo na zauna da ita. Wata la'asar ina shafa mata man zafi, ta riƙe tabaraun tana juya shi a hannu, ta ce, "Abin nan, idan ba ya fuskata, yana ji?"

Na matso bakin ramukan na ce, "Yana ji, muddin 'yan ƙwayoyin suna kunnenki, kuma bai yi nisa da ke ba."

Ta ce, "Uhm."

Da gari ya waye ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin kwano yana ta amo. Inna ta sa na ɗauko mata wani kwanon sha. Ta sunkuya da ƙyar ta kifa shi a ƙasa, ta ɗora tabaraun a kai, ta juya shi ya fuskanci randa. Ta gyara, ta sake gyarawa, kamar yadda take daidaita ƙwarya a bakin inji. Sannan ta koma bakin gado, ta gyara mayafi, ta juya fuska wajen bango.

Yaya ya shigo a jiƙe, da buhu a ka. Ya tsugunna a wurinsa, sai ya ga tabarau a kan kwano yana kallonsa. Ya dube ni. Na kau da kai.

Ya ce, "Ina kwana."

Ni da ke zaune kusa da shi da ƙyar na ji, saboda ruwa. Inna ta ce, "Lafiya lau." Ya ce ina gajiya, ta ce babu gajiya. Ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Kowace amsa ta faɗa a gurbinta. Ya yi tari, ya dafa gwiwa zai tashi. Sai ta ce wa bango, "Masarar fa?"

A sanina, wannan ce tambaya ta farko da ta taɓa yi masa.

Ya koma ya tsugunna. Ya ce ta yi goyo, amma ta fadama ruwa ya kwanta mata. Ya ce tsutsa ta taɓa ta gabas, an yi feshi. Ya ci gaba, yana magana da tabarau a kan kwano, kansa a ƙasa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ruwan sama ya ƙara ƙarfi, na daina jin abin da yake cewa. Bakinsa kawai nake gani yana motsi, da bayan Inna, da hannunta da ya damƙe bakin katifa.

Bayan ya tafi ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo ta mayar da tabaraun, ta fuskance ni ta ce, "Auta, muryar wa ke nan?"

"Ta Yaya ce, Inna."

"Muryar tsoho ce," in ji ta. "Ni da na bar shi yana magana kamar Babanku yana saurayi. Yaushe ya tsufa?"



Ta ce, "A ce wa mutumin gidan can ya nemi maganin tarin nan. Ya sauka ƙirji."

Hutuna ya ƙare na koma. Surukarta ce take ba ni labari ta waya. Kullum da safe ana kifa kwano. Gaisuwar ta yi tsawo har 'yan ƙwadago suna jiransa a gona suna ƙorafi. Inna ba ta juyo ba ko sau ɗaya, shi ma bai matsa daga gindin randa ba. Na tambaye ta me suke cewa. Ta ce, "Wallahi ban sani ba. Yana shigowa nake tayar da inji, ko babu niƙa. Kar yaran gida su tsaya suna leƙe su ba ta kunya ta fasa." Haka aka yi ta yi har masara ta bushe.

Bayan addu'ar bakwai, na haɗa kayana zan koma. Yaya ya same ni a zaure. Bai zauna ba. Ya tsaya yana murza hula a hannu, ya tambayi hanya, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Auta, ke da kika san kayan nan. Tabaraun nan, yana ajiye magana? Irin yadda kuke yi a wurin aikinku, a sake kunnawa?"

Na ce, "Ba ya ajiyewa, Yaya. Wucewa kawai take yi ta cikinsa zuwa kunne."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Tata ma babu?"

"Babu."

Ya jinjina kai. Sannan ya ce, "To, shi ke nan. Da ita ta tafi ke nan." Ya sa hularsa. "Gobe za mu fara karya masara. Ban san ta ina zan bi da safe ba."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata, Ya yalwata makwancinta. Yaya kuma, Allah Ya ba shi haƙurin safiya.